Nema Wa Janar Gida

Ranar da Lauya Tupaz ya kawo karensa gidan karnukan San Roke, inda ake riƙon karnuka marasa gida, sai da ya danna hon sau uku a bakin ƙofa. Doray Sumagaysay, wadda ta shekara goma sha tara tana riƙe da gidan a bayan garin Oton, tana tsugune tana wanke kwanukan abincin karnuka. Ta bar shi ya danna na huɗu tukuna, sannan ta miƙe tana goge hannu da siket ɗinta.

Lauyan ya fito daga mota da hannun dama naɗe cikin bandeji har gwiwar hannu, sai ka rantse da kada ya yi kokawa.

"Nang Doray, ga shi nan a baya," in ji shi, ya haɗa mata da Nang ɗin da ake girmama babbar mace da shi. "Mugun kare ne. Don dai ni mai tausayi ne, da tuni na sa an harbe shi."

Doray ta leƙa bayan motar. Baƙin kare ne ƙato, kansa ya kai girman tukunyar shinkafa, amma ya dunƙule kansa a bayan tayar safaya yana makyarkyata, ga fitsarinsa yana gangarowa ta ƙasan ƙofa.

"Yaya sunansa?"

"Janar."

Ta sake duban karen, sannan ta dubi mai shi.

Ba sai ta matsa masa da tambaya ba, don Lauya Tupaz mutum ne da ba ya iya barin labari a cikinsa muddin shi ne a tsakiyar labarin. Ya sayi Janar ne don ɓarayi su ji tsoron gidansa. Shekara biyu karen yana ɗaure da sarƙa a bayan gareji, wai don ya yi zafin rai. Ranar bikin cikar lauyan shekara hamsin, gida ya cika da baƙi ana ta waƙa a lasifika, sai ya ga ya dace ya nuna wa abokansa abin da ya mallaka. Ya jawo Janar tsakiyar jama'a ya ce ya yi haushi. Daidai lokacin wata mai aiki ta yar da murfin tukunya. Janar ya fizge sarƙa ya shige ƙarƙashin teburin da aka ɗora gasasshen alade, tebur ya kife, alade ya yi birgima har gaban matar alƙali. Baƙi suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Lauya kuwa ya zare bel.

"A bulala ta uku ya kama ni. Kin ji rashin mutunci? Karen da nake ciyarwa!"

"Mu ga wurin."

Ya ɗan ɗaga gefen bandejin. Huda biyu ne a gindin babban yatsa, har sun fara bushewa.

"Allah ya kiyaye gaba, Lauya," Doray ta ce. "Saura ƙiris ka rasa hannun."

Bai gane ba, har ya yi mata godiya. Ya sa hannu a takarda da hannun nan mai ciwo ba tare da ko yamutsa fuska ba, ya ja motarsa ya tafi bai waiwayi karen ba.

Cikin sati guda Doray ta gama sanin abubuwan da Janar yake tsoro. Yana tsoron maza, musamman masu bel. Yana tsoron lema idan an buɗe ta, da tsintsiya, da ƙarar babur. Silifa kuwa, ko a ƙafar mutum ya gan ta sai ya maƙale a kusurwar keji yana gurnani ƙasa-ƙasa, idanu a waje. Ba ya cin abinci sai an bar wurin. Akwai wata 'yar kyanwa mai ido ɗaya da ke yawo a gidan, wata rana ta shiga kejinsa ta cinye masa abinci tas, yana tsaye ya juya wa bango fuska har ta gama.

Doray ba ta damu ba. A ganinta duk tsibirin Panay babu wanda ya san kare kamarta, kuma ta yi imani babu ciwon da ƙauna ba ta warkarwa, in dai an ba da ita da yawa kuma a kan lokaci. Kullum da safe sai ta shiga kejin Janar ta zauna dab da shi, ta kafa masa ido, ta rera masa waƙoƙin coci, sannan ta rungumo wuyansa. Jikinsa ya yi ta rawa kamar mai zazzaɓi.

"Kun gani?" takan ce wa matan da ke zuwa aikin sa-kai. "Daɗi ne ya yi masa yawa. Bai saba ba."

Ba kowa Doray take ba kare ba. Tana da fom mai shafi shida, ita ta tsara shi da kanta, kuma ta fi alfahari da shi a kan takardar shaidar makarantarta. Tsawon katangarka nawa? Su wa ke kwana a gidan? Ka taɓa ɗaga wa dabba murya? In ka mutu wa zai riƙe karen? Mutane da yawa sun zo neman kare sun koma gida suna tunanin rayuwarsu. Wani mai sayar da kifi ya nuna sha'awar Janar, ya zauna nesa da kejin kusan awa guda bai ce uffan ba, amma gidansa shingen gora ne, ya faɗi tun a shafi na ɗaya.

Madam Krizel kuwa ta ci shafi shida babu gyara. Matar wani dillalin motoci ce a unguwar Jaro, katangarta ta fi ƙarfin tsani, ga lambu, ga ɗaki mai na'urar sanyi da ta ce na karen ne shi kaɗai. Mutum dubu ɗari da wani abu ne ke kallon rayuwarta a waya kullum, daga abin da ta ci har abin da ta shafa. Ranar da ta zo ɗaukar Janar ta durƙusa gaban keji ta fashe da kuka, mai aikinta tana ɗaukar bidiyo. Suka duba, aka ga hasken bai yi ba, ta koma ɗaya gefen ta sake fashewa da kukan. A karo na uku ne ya yi daidai.

Doray tana tsaye tana gani. Wani abu ya ɗan soke ta a zuciya, amma sai ta tuna katangar.

"Daga yau sunansa Biskit," in ji Madam Krizel tana share ido da gefen yatsa don kada kwalli ya ɓaci. "Janar ya yi tsauri da yawa. Ko ba haka ba, ɗan Mama?"

Kwana tara aka dawo da ɗan Mama, sanye da takunkumi da ragowar wata 'yar riga mai ruwan hoda a wuyansa. An shirya masa walimar maraba ne, da ƙawaye da balan-balan da kek mai siffar ƙashi. Balan-balan ɗaya ta fashe, ya ruga bayan kujera, Madam ta bi shi da waya a hannu tana jawo shi ta ƙafar baya don a ga yadda take lallashinsa. Ya juyo ya kama mata tsintsiyar hannu.

Ba ta zo da kanta ba, direba ta aiko. Amma da yamma ta saki sabon bidiyo, tana zaune babu kwalliya, wato da irin kwalliyar da ake yi don a ce babu kwalliya, tana nuna filasta a hannunta tana cewa ta ba shi zuciyarta duka, amma akwai raunin da ƙauna ba ta iya kai wa gare shi. Wannan bidiyon ya ninka na farko masu kallo. Kafin Lahadi duk birnin Iloilo an san fuskar Janar, kuma an san yana cizo.

Dokta Celiz, likitan dabbobin da ke duba karnukan gidan, ya tsaya nesa da kejin ya rufe bel ɗinsa da riga.

"Nang Doray, cizo biyu ke nan a rubuce. Wa zai ɗauke shi yanzu? Kuma zaman kejin nan ba rayuwa ba ce a wurinsa, dubi haƙarƙarinsa. Idan kwamitin gidan nan ya zauna ƙarshen wata, ni dai zan ce a yi masa allura ya huta."

"A yi wa lauyan da matar can allurar mana," in ji Doray.

"Su ba a kawo mini su ba."

Kafin ƙarshen watan sai ga guguwa. Ta kwashe kwanon rufin kejunan baya gaba ɗaya, ruwa ya shigo har gwiwa. Da gari ya lafa aka shiga raba karnuka ashirin da uku gidajen masu sa-kai kafin a gyara. Wannan ta ɗauki biyu, waccan ta ɗauki uku, har kyanwa mai ido ɗaya ta samu mai so. Da aka zo kan Janar sai kowa ta tuna tana da jikoki. Ita Doray ɗaki ɗaya gare ta a cikin gidan karnukan, shi ma katifarta tana shanye a kan katanga.

Gida ɗaya ya rage, kuma shi ne wanda ba ta so. Yayarta Sion, wadda take kira Manang, wato yaya, ita kuma ta kira ta Inday, wato ƙanwa, tela ce a unguwar Arevalo, mijinta ya rasu shekara goma da suka wuce, tana ɗinka kayan 'yan makaranta a keken ɗinki na ƙafa wanda ya girmi Doray a aiki. Tun ranar da Doray ta ajiye aikin gidan waya ta koma hidimar karnuka, Sion ba ta taɓa gabatar da ita ga kowa ba sai da cewa, "Ƙanwata ce, da tana da hankali."

Doray ta sauke keji daga babur mai ƙafa uku a ƙofar gidan. Sion ta leƙo ta saman tabarau, allura a baki.

"Mene ne wannan?"

"Kare ne, Manang."

"Na ga ba akuya ba ce. Me ya kawo shi ƙofata?"

"Sati ɗaya kawai, kafin a yi rufi."

"Ba shi ne wanda ya ciji matar nan mai kuka a waya ba?"

"Shi ne."

Sion ta cire allurar daga baki ta ƙare wa karen kallo.

"To aƙalla ya san mutane. Ki ajiye shi can bayan kicin. Amma ki ji da kyau, Inday: ba zan taɓa shi ba, ba zan yi masa magana ba, ba zan kira sunansa ba. Na raini 'ya'ya huɗu, ban ga abin da zai sa in fara yi wa kare fadanci da furfurata ba."

Doray ta miƙa mata takarda mai ɗauke da ƙa'idoji goma sha biyu na kula da Janar, har da sunayen waƙoƙin da ya fi so. Sion ta karɓa ta ninke ta huɗu ta cusa ƙarƙashin ƙafar teburin da ke girgiɗi.

Rufin da aka ce sati ɗaya ya ci sati uku, kuma duk tsawon lokacin Doray ba ta samu sukunin leƙawa Arevalo ba. Ranar da ta je, ta zarce bayan kicin kai tsaye ta tarar da keji a buɗe, babu kare, an ma jera tukwanen fulawa a kansa. Ta shigo ɗakin ɗinki da gudu.

"Manang! Ina Janar? Kin bar shi ya gudu?"

"Ke, rage murya. Nan ba kasuwa ba ce."

Sion tana kan keke tana ɗinki. A ƙarƙashin keken, kan wani tsohon buhun shinkafa, Janar ne kwance ya miƙe ƙafafu, ya ɗora haɓa a ƙasa. Ƙafar Sion tana hawa tana sauka dab da hancinsa, sanye da silifa, shi kuwa barcinsa yake yi har da minshari. Haƙarƙarin nan duk ya rufe.

Hawaye ya cika idon Doray. Ta durƙusa ta buɗe hannuwa biyu.

"Janar! Yaron kirki! Zo wurin Nanay, zo wurin mamarka!"

Karen ya buɗe ido ya gan ta. Nan take ya zabura ya buga kai da ƙarfen keke, ya saki fitsari, ya kutsa bayan tarin yadin makaranta har sai wutsiyarsa kawai ake gani.

Sion ta tsayar da keke.

"Sati biyu ke nan bai yi mini fitsari a ɗaki ba. Ga tsumma can."

"Bai gane ni ba ne," in ji Doray.

"Ya gane ki sarai. Ke ma da a ce wata mata tana faɗo miki ɗaki kullum da sassafe, ta zuba miki ido, ta shaƙe miki wuya, ta yi miki waƙar coci da wannan muryar taki, ai da kin ciji mutum fiye da biyu."

Doray ta goge fitsarin. Shekara goma sha tara ba wanda ya taɓa yi mata gyara a kan kare. Sai da ta wanke tsumman ta shanya, sannan ta tambaya, kamar ba da gangan ba, me Sion ta yi masa.

"Me zan yi masa? Ina da aiki. Kukan da yake yi a kejin ne ya dame ni na buɗe, na ce in zai gudu ya gudu in huta. Kwana huɗu yana bayan tulun ruwa. In na ci kifi in jefa kan a ƙasa, ban san wanda ke ɗauka ba. Wata rana na duba ƙasa na ga abu kwance."

Ba warkewa Janar ya yi ba. In namiji ya zo awo sai ya yi ta gurnani daga ƙarƙashin keke, don haka Sion ta koma auna maza a bakin titi, duk wanda ya yi ƙorafi ta ce masa tela ba ita kaɗai ba ce a Arevalo. In aka yi tsawa sai ya shige banɗaki. Zakaran faɗa na maƙwabci ya gano shi, kullum sai ya tsallako ya kora shi zagaye biyu a tsakar gida don motsa jiki. Amma yana ci, yana barci, kuma bai sake kai wa kowa baki ba.

Da kwamiti ya zauna, bayan ɗage zaman da guguwa ta jawo, Doray ta miƙe ta sanar da su cewa Janar yana hannun wata ƙwararriya da ita da kanta ta zaɓo, ana bin wani tsari na musamman. Dokta Celiz, wanda Sion ce ke ɗinka wa 'ya'yansa kayan makaranta, ya sunkuyar da kai yana tari. Aka janye maganar allura.

Saura a rubuta cewa kare ya samu gida, kuma wannan sai da fom. Doray ta kai wa yayarta shafi shida. Sion ta gyara tabarau ta fara karantawa da ƙarfi.

"'Tsawon katangarki nawa?' Wace katangar? 'Kin taɓa ɗaga wa dabba murya?' Kullum, in ƙanwata ta zo. 'In kin mutu wa zai riƙe karen?' Ke Inday, kare kike ba mutane ko kabari kike sayar musu?"

"Ki cika kawai, Manang."

"In cika in ce me? Na ce miki ina son kare ne? Ajiya kika kawo, sati ɗaya kika ce. Ni jira nake ki zo ki kwashi kayanki."

"Ko kin cika ma faɗuwa za ki yi. Ba katanga, ba lambu, ga shekaru."

"To kin ga an huta."

Haka aka zauna wata biyar. Hoton Janar yana manne a allon gidan karnuka cikin masu neman gida, Doray kuma ta tabbata babu mai tambaya.

Sai ga Maestro Gelvezon da matarsa. Tsofaffin malaman makaranta ne da suka yi ritaya a Pavia. Sun ga bidiyon Madam Krizel tun lokacin da ya fito, kuma su ba matar suka kalla ba, karen da ke bayan kujera suka kalla. Sun taɓa riƙe karnuka biyu masu irin wannan tsoron har suka tsufa a hannunsu. Suna da katanga, suna da bishiyoyin mangwaro, ba yara, ba biki. Maestro ma ya zo da wando mai tazuge, don ya ji an ce karen ba ya son bel. Suka cika shafi shida, matar har ta gyara wa Doray kuskuren rubutu biyu a shafi na huɗu. Tunda Doray take, ba ta taɓa ganin gidan da ya dace da kare kamar wannan ba.

Ta tafi Arevalo da labarin, kuma in za a faɗi gaskiya, har da ɗan daɗi a ranta.

"Manang, an samu masu ɗaukar kayan nawa. Ranar Asabar za su zo."

Keken bai tsaya ba.

"Madalla. Sai in samu wurin miƙe ƙafa."

"Mutanen kirki ne. Malamai."

"Na ce madalla. Ko so kike in yi rawa?"

Da Sion ta ɗaga rigar da take ɗinkawa don ta duba, sai ga shi ta ɗinke bakin aljihu ruf. Ta ɗauki reza ta fara farkewa, tana zagin zaren zamani.

Ranar Asabar da hantsi malaman suka tsayar da motarsu a bakin layi, suka ce za su jira a nan don kada su cika wa karen ido. Doray ta shiga da igiya a hannu. Ta tarar an wanke buhun shinkafar an ninke shi a kan kujera, ga ƙunshin kawunan busasshen kifi a takarda. Janar yana ƙarƙashin keke a kan siminti tsirara, yana kallon buhunsa.

"Ki gaya musu," in ji Sion, ba ta ɗago ba, "ba ya ci in ana kallonsa. In hadari ya haɗo su bar ƙofar banɗaki a buɗe, su kunna rediyo, tashar labarai, ba ta waƙa ba. Kada su taɓa masa kunnen hagu. In zai sha ruwa ya fi son bokiti, kwano yana ƙara. Kuma in ya zo ya jingina da ƙafar mutum, kada a ce za a shafa shi, a yi kamar ba a sani ba, in ba haka ba sai ya kwana biyu bai sake zuwa ba."

"Ke da ba kya kula shi, ina kika san duk wannan?"

"Ina da ido. Ki ɗauka ki tafi, kina tare mini haske."

Doray ta dubi igiyar hannunta. Ta dubi yayarta, wadda ta yi minti biyar tana neman ramin allura da zare ba ta samu ba, matar da ke iya zura zare ido a rufe. Karen ya matsa a hankali ya manna gefen jikinsa da ƙaurinta, ita kuwa ta yi kamar ba ta sani ba.

Doray ta ajiye igiyar a kan kujera ta fita.

A bakin mota ta tsaya ta shirya fuska irin ta ma'aikaciyar hukuma. Ta ce wa malaman ta yi baƙin cikin sanar da su cewa an gano wata cuta a jikin Janar, ta fata ce, mai yaɗuwa, sunanta ma dogo ne, kuma likita ya hana a motsa shi daga inda yake.

"Har zuwa yaushe?" in ji Maestro.

"Ba a sani ba. Irin wadda ba ta jin magani ce."

Matarsa ta shekara talatin da biyar tana sauraron yara suna bayanin dalilin da ya sa ba su yi aikin gida ba. Ta kalli Doray, ta kalli tagar da labulenta ya ɗan motsa, ta dafa hannun mijinta.

"Allah ya ba shi lafiya," ta ce. "Ita mai jinyar, a gaishe ta. Akwai wani a wurinku wanda ba mai so?"

Akwai wata tsohuwar karya mai ƙafa uku da ta shekara huɗu a gidan karnukan. Da yammar ranar ta tafi Pavia a kujerar bayan motar malaman, kanta a waje ta taga.

Doray ta koma ɗakin ɗinki ta tarar buhun ya riga ya koma ƙarƙashin keke, kare a kai.

"Ina suke?" in ji Sion.

"Sun fasa."

"Har su ma? Kai, Inday, ke dai kayanki ba mai so. To yaushe za ki zo ki ɗauke shi?"

"In an samu wuri."

"Ki hanzarta. Kifi yana tsada."

Shekara shida Janar ya yi a ƙarƙashin keken nan, kuma har ya mutu bai daina tsoron lema ba. Doray takan zo duk Lahadi bayan coci, wai duba lafiyar ajiya. Sion ta kafa mata sharaɗi: ta zauna a bakin ƙofa, ta ba ɗaki baya, kada ta yi waƙa, kada ta yi magana. Na ƙarshen ne ya fi ba ta wuya, don Sion takan zaɓi daidai wannan lokacin ta yi ta ba ta labarin kurakuran da ta tafka tun tana 'yar shekara bakwai, ita kuwa ba halin ramawa.

A shekara ta uku, wata Lahadi, Doray ta ji sanyin hanci a diddigenta. Ta ƙame, ko numfashi ba ta yi. Janar ya shinshina ƙafar, ya yi atishawa, ya koma wurinsa ya kwanta.

A zaman kwamiti na gaba sai da Doray ta sa aka rubuta wannan a cikin rahoto, a ƙarƙashin nasarorin shekara.